Labarin da Ɗan Biro Ya Ara wa Mai Sola

"Na ce ki nuna min abu ɗaya! Ɗaya tak, mai sunansa a ƙasa!"

Hedimasta ya buga tafin hannunsa a kan tebur har cokali ya yi tsalle daga kofin shayi.

"Baba, aikinsu ba a sa suna. Sau nawa zan faɗa maka?"

"Aikin da ba a sa suna? Ai ɓarawo ma haka yake nasa."

"Haba Baba!"

"Kada ki haba ni, Auta."

Ni ina bakin ƙofar kicin da tsintsiya. Tun da suka fara nake share wuri ɗaya, har tayil ɗin ya fara ƙyalli. Ni ce yayar Hedimasta, kuma ni na riƙe Auta tun ranar da uwarta ta rasu, saboda haka duk maganar da za a yi a gidan nan kunnena yana da gado a cikinta.

Auta ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da bakwai, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin ido. A can ta haɗu da yaron da ake wannan rigima a kansa, ranar da ya kawo mahaifiyarsa. Ni na raɗa masa Ɗan Biro, duk da ban taɓa ganin biro a hannunsa ba, kullum kwamfuta ce a jaka. Masu kamfani da masu shago ke kiransa ya rubuta musu abin da za su sa a shafinsu na intanet, da kalaman talla, da littattafan da ake koya wa sababbin ma'aikata aiki. Ba ofis, ba ubangida, ba allo a bakin ƙofa. In ya gama, mai kaya ya ɗauki rubutun ya manna sunansa, shi kuwa ya koma ɗaki.

Shekara biyu ke nan yana zuwa gidan nan, shekara biyu ƙanina yana kallonsa ta saman tabarau.

"Ni ban ce dole ki auri kowa ba," in ji Hedimasta. "Amma shekara talatin da biyar na yi ina duba rubutun yara. Wanda duk bai sa suna a takardarsa ba, sifili nake ba shi. In dangi suka tambaye ni surukina me yake yi, in ce me? Yana zaune a ɗaki yana danne-danne?"

"Ka ce marubuci ne."

"Marubucin me? Ina littafin? Zo ki ji rubutu, in rubutu kike so."

Ya jawo wayarsa. Na san inda za a je. Wata biyu da suka wuce wani mai kamfanin sola ya zo da yaransa suka ɗora mana faranti a kan rufi. Ya ga Auta ta dawo daga aiki da fararen kaya, sai ga shi kullum yana zuwa duba batir. Batirin nan ya sha dubiya fiye da mai jego. Makon jiya ya fito fili ya gaya wa Hedimasta abin da ke kawo shi.

"Jiya na shiga shafin kamfaninsa," in ji ƙanina. "Akwai wurin da ya ba da labarin yadda ya fara. Saurara."

Ya gyara murya irin ta taron ɗalibai.

"Mahaifiyata tela ce. Shekara goma sha ɗaya tana ɗinki a gaban fitila ɗaya mai tsagaggen gilashi, wanda ta liƙe da takarda. In zare ya ƙi shiga allura sai ta tashe ni in zura mata, ta ce idona sabo ne. Ranar da na kawo mata takardar gama makaranta, ta shafa ta da hannu, ta ce in karanta mata. A ranar na gane ta daɗe ba ta gani. Shi ya sa muke wannan aiki, don kada wata uwa ta sake biyan karatun ɗanta da idonta."

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. Ƙanina, wanda ko ranar jana'izar ubanmu sai da ya shiga banɗaki kafin ya yi kuka!

"Kin ji ɗa. Wanda ya san darajar uwa haka zai san darajar mata. Kuma ga sunansa a ƙasa, ga hotonsa."

Na dubi Auta. Ina zaton zan ga fushi, sai na ga fuskarta ta koma kamar toka. Ta dafa kujera.

"Baba, sake karanta wurin gilashin."

"Ya shige ki ko? Ai dole. Gobe da hantsi na kira su duka biyun. Zan faɗi matsayata a gabansu, kowa ya kama gabansa."

Auta ta saki kujerar. Ta juya ta shige ɗaki kamar mai tafiya cikin barci. Na jingine tsintsiya na bi ta.

* * *

Na same ta a gefen gado, ta cusa filo a baki tana kuka.

"Ke, mene ne? Mai Sola ya sace zuciyar da rubutu ɗaya?"

"Goggo, ki rufe ƙofa."

Na rufe, na sa sakata, na zauna kusa sosai, don irin wannan magana ba a barin ko ɗigo ya zube.

"Labarin nan ba na Mai Sola ba ne."

"Na wa ne?"

"Inna ce. Mahaifiyar Ɗan Bironki. Ni nake ɗiga mata magani a ido, Goggo. Fitilar tana nan a saman kabad ɗinsu, da takardar a jikin gilashin, na gan ta da idona. Ya ce min ban da ni bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da ya ba ni labarin kuka ya yi, ni ma na yi. A ranar na ce zan aure shi."

Na riƙe haɓa. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa.

"Kina nufin Ɗan Biro ne ya rubuta wa abokin takararsa takardar neman aure?"

"Ya ɗauki abin da ya ba ni ni kaɗai, ya ba wani ya sayar da batir da shi."

"To ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Tashi ki gaya wa ubanki. Rubutun da ya sa shi kuka na saurayinki ne, shi ke nan an gama."

"Da wace shaida? Zai ce soyayya ce ta sa ni ƙarya. Sai shi ya faɗa da bakinsa." Ta share majina. "Kuma ni yanzu ban ma san ko ina son ganin fuskarsa ba."

"Za ki gan ta kuwa. Ɗauko mayafi. Ni ma ƙafata tana son motsi."

Muka ce wa Hedimasta za mu kantin magani.

* * *

Ɗaki biyu suke haya a saman wani shagon gyaran firji. Matakalar nan ta kusa kashe ni, sai da na huta sau biyu, amma da a ba ni labari gara gwiwa ta yi tsami.

Inna tana baranda a kan kujerar roba, ta juya fuska wajen rana, hannunta yana ninke wanki daidai wa daida kamar mai ido huɗu. Doguwar mace ce, ba ta sunkuya wa kowa.

"Takun 'yata nake ji," ta ce. "Da na wata mai nauyi."

"Mai nauyin ce Goggonta. Sannu da hutawa."

"Wane hutu? Ku shiga, yana ciki. Tun safe yake faɗa da na'urar nan."

Ɗakinsa ba ya ɗaukar mutum uku sai da dabara. Tebur, kwamfuta, fanka mai ƙara, bango duk an manna ƙananan takardu masu launi, kowace da aikin wani. Na kan kwamfutar zanen tsani ne da mutum a kai. Da ya gan mu ya miƙe har gwiwarsa ta bugi tebur.

"Goggo! Da kanki? Auta, lafiya?"

Auta ta tura ƙofa ta rufe. Ta yi magana ƙasa-ƙasa saboda Inna.

"In zare ya ƙi shiga allura sai ta tashe ni in zura mata."

Wallahi na ga lokacin da jini ya bar fuskar yaron nan. Ya koma ya zauna.

"A ina kika gani?"

"Baba ne ya karanta min. Yana kuka. Ya ce wanda ya rubuta shi ne ɗan halak, shi ya dace da ni. Ka san wanda ke neman aurena? Mai kamfanin da ka yi wa aikin."

"Innalillahi. Shi ne mai solar da kike faɗa?"

"Masu sola nawa ka ara wa uwa?"

Ya dafe kai da hannu biyu.

"Wata biyar ke nan, Auta, tun kafin ya san gidanku. Duk wanda zan rubuta wa shafi, sai na zauna da shi na tambaye shi yadda ya fara. Haka nake aiki. Kowa yana da wani abu, ko mai sayar da taya. Shi kuwa na yi awa guda ina tambaya, amsarsa ɗaya ce, babansa ya ga sola tana tafiya ya buɗe masa. Na rubuta hakan a gyare, suka dawo min da shi. Na sake, suka dawo da shi. Manajansa ya ce suna son abin da zai taɓa zuciya, zuwa safiya, ko su ba wani. Na zauna, kaina babu komai. Sai na ɗaga ido na ga fitilar."

"Sai ka sayar."

"Na ce zan sa ne su ga irin abin da ake nufi, daga baya ya kawo nasa a musanya. Kafin azahar sun ɗora shi da hotonsa. Suka ba ni sauran ayyukansu duka." Ya nuna kwamfutar. "Wannan ma nasu ne, littafin koya wa sababbin yara hawa rufi."

Auta ta fashe da kuka, ta toshe baki da mayafi.

"Ka ce ni kaɗai ka gaya wa. Ni kaɗai! Na riƙe shi kamar ƙwai, ko Goggo ban gaya wa ba."

"Wannan gaskiya ne," na ce, "kuma zan yi shari'arsa daban."

"Yanzu duk wanda ke da waya ya sani. Har ka gyara shi ya fi yadda ka gaya min daɗi."

"Ki yafe min. Ban san yadda zan ce ba."

"Kai? Kai ne ba ka san yadda za ka ce ba? Ai sana'arka ke nan."

Na ga abin zai yi nisa, na shiga tsakani.

"Ku bar kukan nan, gobe da hantsi ake yanke magana. Ɗan Biro, abu mai sauƙi ne. Ka tsaya gaban ƙanina ka ce kai ka rubuta."

"Ba zan iya ba, Goggo."

"Bakinka ciwo yake?"

"Na sa hannu a takarda. Duk aikin da na yi wa mutum nasa ne, ba zan taɓa cewa ni na yi ba. Ba don takardar kaɗai ba. Mutum goma sha huɗu nake rubuta wa, kowannensu yana barci ne saboda ya san bakina a rufe yake. Ranar da aka ji na tona ɗaya, sauran duk za su gudu. Ba ni da shago, Goggo, ba ni da kaya. Shirun nan shi ne jarina."

"To ka zauna ka auri shirun," in ji Auta.

"Kuma in na faɗa, me Baba zai ji? Zai ji na rubuta ƙarya an biya ni. Gaba kura, baya sayaki."

Ya kalli ƙofa, ya ƙara rage murya.

"Ga Inna. Duk unguwa ce musu take yi ciwon gado ne. Ina makaranta na taɓa rubuta wasiƙar neman tallafi na sa maganar idonta. Da ta ji, wata guda ba ta yi min magana ba. Ta ce ba ta haife ni don in yi bara da idonta ba. In wannan ya kai kunnenta…"

Bai ƙarasa ba. Daga baranda muryar Inna ta taso.

"Ku da kuka rufe ƙofa, sirrin na biki ne? A sa da ni, ni ma ina da ra'ayi a kan kalar labule!"

Auta ta danne kuka ta ce, "Muna zuwa, Inna."

Ɗan Biro ya durƙusa a gabana, ya kama bakin zanina.

"Goggo, don girman Allah. Na san ki. Ki yi min alkawari ba za ki gaya wa Baba ba."

Ka ji yaro, wai ya san ni.

"Na yi alkawari ba zan ce kai ka rubuta ba."

"Na gode."

Auta ta buɗe ƙofa, ta tsaya ba ta waiwayo ba.

"Gobe in ka yi shiru, Baba zai ce ba ya ba ka. Ni kuma ba zan auri wanda ubana bai sa wa albarka ba, ka sani tun farko. Ka zaɓa."

A hanya ina ta juya alkawarin nan a raina ina neman inda ya yi ƙofa.

* * *

Washegari tun ƙarfe tara Hedimasta ya sa rigar da yake sawa ranar rabon sakamako. Auta ba ta karya kumallo ba, idonta ya kumbura. Ni kuwa na ɗauko kujerata na dasa a cikin falon.

"Yaya, maganar maza ce," in ji ƙanina.

"Ni na yi maka wanka kana tsirara. Yi maganarka."

Ɗan Biro ya fara zuwa, da jakarsa a kafaɗa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Da ganinsa ka san bai runtsa ba. Can sai ƙarar mota, sai ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Mai Sola kyakkyawa ne, ban hana shi ba, ga fara'a, ga kwalin lemo a hannu. Ya durƙusa ya gaida Hedimasta, ya juyo zai gaishe ni, sai idonsa ya faɗa kan na bakin ƙofa.

"A'a! Mutumina! Me kake yi a nan?"

"Kun san juna ne?" in ji Hedimasta.

Ɗan Biro ya kalli ƙasa. "Mun taɓa haɗuwa, Baba."

Auta tana tsaye a jikin labule. Ta zuba masa ido, ta jira. Na ga hannunta yana murɗa labulen har zoben sama ya yi ƙara.

Hedimasta ya gyara zama.

"To. Na kira ku ne don kada a yi ta jan rai. Ni mutum ne mai duba aiki, ba mai duba fuska ba. Na duba, na auna. Kai," ya nuna Ɗan Biro, "shekara biyu ina tambayarka abin da ka yi, ba ka nuna min ko layi ɗaya ba. Yau ma ina tambaya, karo na ƙarshe. Akwai?"

Fankar sama tana juyawa. Yaron nan ya buɗe baki, ya kalli Mai Sola, ya kalli Auta, ya rufe.

"Babu wanda zan iya nunawa, Baba."

Auta ta saki wani ƙaramin sauti kamar an taka ta.

"Shi ke nan," in ji Hedimasta. "Saboda haka ni dai…"

"Tsaya, ƙanina, ko gaisawa ba mu gama ba." Na juya wajen Mai Sola da murmushina na tsofaffi. "Ɗana, ya mutanen gida? Ya jikin mahaifiyar taka?"

Gaisuwa dai ba tonon asiri ba ce.

"Lafiyarta ƙalau, Goggo."

"Madalla. Idon fa? Da sauƙi?"

"Idon wa?"

"Nata mana."

Ya yi dariya. "Mama? Ai ko tabarau ba ta sawa. Jiya ma ita ta tuƙo kanta ta zo ofis tana min faɗa."

Hedimasta ya sauke kofin da ke hannunsa a hankali.

"Ta tuƙo mota?"

"Ƙwarai, Baba. Ta fi ni gudu."

"Telar?"

"Wace tela? Mama a banki ta yi aiki har ta yi ritaya."

Ƙanina ya jawo waya. Ya karanta layi biyu na farko, wannan karon ba da muryar taro ba. Mai Sola yana saurare yana gyaɗa kai kamar yau ya fara ji, kuma ashe yau ɗin ya fara ji.

"Ayya, Baba, wannan ai talla ce! Kowane kamfani yana da irinta. Ni ban ma karanta shi har ƙarshe ba, manajana ya ce ya yi kyau, mutane suna ta kira. Ga mai shi nan a zaune, shi ya tsara mana. Gwani ne, wallahi."

Ya nuna Ɗan Biro da hannu, yana murmushi, yana ganin alheri ya yi masa.

Na kalli silin. Ni dai bakina ƙanin ƙafata.

Na saci kallon Hedimasta. Kunnuwansa sun yi ja. Na san abin da ke cinsa, ya yi kuka a gaban 'yarsa saboda tallar batir.

"Ɗauki lemonka," ya ce wa Mai Sola.

"Baba, wani abu na faɗa?"

"Ka sa sunanka a ƙarƙashin abin da ba ka rubuta ba, ba ka ma karanta ba. Ɗauki lemonka, Allah ya ba ka wata."

Mai Sola ya tashi yana waige-waige, ya rungumi kwalinsa. A bakin ƙofa ya sunkuya wajen Ɗan Biro ya ce a hankali, "Littafin nan na yara, Alhamis ɗin dai ko?" Sannan ya fice.

Na sauke ajiyar zuciya. Na ce a raina an gama, saura ɗaurin aure. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

"Matso nan," in ji Hedimasta.

Ɗan Biro ya matso a kan gwiwa.

"Kai ka rubuta?"

"Tunda shi ya faɗa, Baba, ni ne."

"Rubutu ne mai kyau. Ban taɓa duba wanda ya fi shi ba, kuma ba na faɗin haka da wasa. Ƙirƙira ka yi?"

"A'a."

"Uwar wa ce?"

"Tawa ce."

"Fitilar?"

"Tana gida."

Ƙanina ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Da ka ce min ƙirƙira ka yi, da na ce maƙaryaci ne mai basira, in yi maka faɗa in ba ka. Amma matar nan ta ba da idonta ka yi karatu, kai kuma ka ɗauki karatun ka miƙa wa wani idon nata ya rataya a shago. Ta sani?"

Ɗan Biro ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Ta sani?"

"Ba ta sani ba, Baba."

"To ga sharaɗina, kuma ba ni da wani. Ka tashi yanzu ka je ka zauna a gabanta, ka karanta mata shi da bakinka, tun daga farko har sunan da ke ƙasa. In ta yafe maka, ka dawo da ita gidan nan, a ranar zan ba ka Auta. In ba ka iya ba, kada ka sake hawa matakalata."

"Baba, ka nemi komai ban da wannan." Hawaye ya zubo masa. "Zan sa su cire shi yau. Zan bar aikinsu, zan bar sana'ar ma in ka ce. Amma kada ka sa in gaya mata. Ba ka san ta ba. Hawan jini gare ta. Ni kaɗai na rage mata, in ta juya min baya wa zai riƙe hannunta?"

"Ka iya rubuta wa duniya, ba ka iya karanta wa mutum ɗaya?"

"Ƙanina, sassauta," na ce. Ba nan na nufa da gaisuwata ba. "Tsohuwa ce, ba ta da lafiya. Abin da ba ta ji ba ai…"

"Yaya, kin yi naki. Bar ni in yi nawa."

Ɗan Biro ya juya wajen labule.

"Auta, ke kin san ta. Ke kike auna ta. Gaya wa Baba abin da zai faru. Don Allah, gaya masa."

Auta ta fito tsakiyar falo. Hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba.

"Na san ta. Shi ya sa ba zan iya ba. Ka ce in shiga gidanku, kullum da safe in buɗe idonta in ɗiga magani, tana ce min 'yata, ni kuwa na san abin da ka yi da shi, in yi shiru? Shekara nawa? Ni ban sa hannu a takardar kowa ba."

"Auta…"

"Zan bi ka. Zan zauna kusa da ita, in riƙe hannunta, in ɗauki abin awo da maganinta. Amma kai za ka karanta. In ba haka ba, ko Baba ya yarda, ni ban yarda ba."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya dubi Hedimasta. Ya dube ni, kallon da har yau ban manta da shi ba.

"Goggo, kin yi alkawari."

"Ai ban ce…"

Ya miƙe. Ya ɗauki jakarsa, igiyar ta maƙale a ƙafar kujera, ya fizge ta har kujerar ta kife.

"Ina za ka?" in ji Auta. "Gida? Tsaya in ɗauko mayafi. Ka ji? Gida za ka, ko ina?"

Ya fita, ya ja ƙofar da ƙarfin da ya sa agogon bango ya karkace.

Garam!